Jakar Lori Daban, Akwatin Jirgi Daban

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar shekara, Zebila

Shugaban taro, Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, Malam Liman, Magajiya da iyayenmu mata, Alhazai da Hajiyoyi, baƙinmu da suka taso daga Bawku da Bolga, da waɗanda suka ƙetaro daga Zabre da Sinkasi, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana, ya zaunar da yankinmu lafiya.

Ma'aji ya riga ya karanta lissafin kuɗi, Shugaba ya yi maganar kwastan da shingayen hanya. Mu 'yan ofis abin da muka roƙa a bar mu mu yi magana a kai shi ne akwati. Ranar da muka faɗi haka a zaman kwamiti sai da aka yi mana dariya, wani Baba ya ce yanzu har jaka sai an koya wa falke? Gaskiyarsa. Amma mu ne muke riƙe da littafin koke-koke, kuma a 'yan shekarun nan wani sabon kuka ya shigo littafin wanda da babu shi: akwati ya fashe a filin jirgi, an hana jaka shiga, an caji kuɗin ƙarin nauyi har ya cinye riba. Da can iyakar tafiyarmu Kumashi, Lome, Wagadugu, in an yi nisa Kano. Yanzu cikinmu akwai mai zuwa Dubai da Guwanzu sau uku ko huɗu a shekara, ga 'yan Umara, ga Hajji da tun 2016 jirgi yake ɗaukar mutanen arewa kai tsaye daga Tamale ba sai an gangara Ankara ba.

Kakanninmu ba su raina mazubi ba. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina su biyo ta Yandi su sauka Salaga, kowane kaya da abin da ake zuba shi. Goro a huhu ake ɗaure shi da ganye a sa cikin waga, a hanya ana kwancewa ana tsince wanda ya lalace ana yayyafa ruwa. Kanwa da hatsi a mangala ko taiki, takardu da littafi a gafaka, tufafi masu daraja a adudu. Madugu ba ya yarda ayari ya tashi sai ya ga ɗaurin kowa, don kayan mutum ɗaya in suka kwance a tsakiyar daji, kowa ne zai tsaya. Abin da suka duba shi ne abin hawa: me jaki yake iya ɗauka, yaya kaya za su zauna a bayansa. Mu ma abin da ya kamata mu duba ke nan, sai dai namu abin hawan iri biyu ne a tafiya guda. Daga nan zuwa Tamale kimanin kilomita 200 ne, cikin mota, kaya a but ko a saman rufi, yaron mota ya taka su ya ja igiya. Daga can kuma sai na'ura da bel. Akwatin da za mu saya dole ya jure duka biyun.

Bari mu fara da tsohuwar abokiyar tafiyarmu, jakar Ghana Must Go. Duk mun san inda ta samo suna. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin Najeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kwaso kayansu a cikinta. Dattawan da ke zaune a nan kuma suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta yi irin wannan kora daga wannan ɓangaren, zanguna da yawa suka yi kuka. To jakar da ta ga wannan duka ba za mu zage ta ba. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, tana cin kaya kamar ba ta ƙoshi, in ta ƙare a naɗe ta a sa a hammata. Har kamfanin Louis Vuitton na Faransa ya kwaikwaye ta a 2007 ya sayar wa masu kuɗi. A kan lori ko a bayan motokin zuwa Sinkasi, har gobe babu kamarta.

A filin jirgi ne take ba da kunya. Ba ta da siffa tsayayya, hannuwanta da zaren da ke zarewa daga jikinta suna maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya, na'ura ta tsaya. A 2017 KLM da Air France suka daina karɓarta. A Nuwamban 2023 Ethiopian Airlines ya sanar da fasinjojinsa na Najeriya cewa ba zai ƙara ɗaukarta ba sai an sa ta cikin kwali ko wani mazubi mai tauri mai kusurwa huɗu. Wannan kuwa shi ne jirgin da yawancin masu zuwa Sin suke bi ta Adis Ababa. Ko kamfanin da kika hau bai hana ba, Hajiya, zif ɗinta ba ya jure jifa. Wanda ya nace sai da ita, to ya tambaya kafin ranar tafiya, kada a tsaya ana cacar baki a gaban kanta jirgi yana shirin tashi.

Yanzu ga inda kuɗi yake, mu saurara da kyau. A yawancin jiragen da muke hawa zuwa waje, mai ƙaramin tikiti ana ba shi akwati biyu, kowanne kilo 23, da jakar hannu ta kilo 7. Tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce santimita 158. Kuma ko za ka biya ƙari, akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32, saboda mutane ne suke ɗagawa da hannu. Abin da yawancinmu ba mu lissafawa shi ne, sikeli ba ya cire nauyin akwatin kansa. Mun aro akwatuna biyu masu girma ɗaya daga membobi muka auna su babu komai a ciki. Ɗaya kilo 6, ɗaya kilo 3 da rabi. Bambancin kilo 2 da rabi ke nan. A akwati biyu, kilo 5 a tafiya guda. Mai tafiya sau huɗu a shekara ya bar kilo 20 na haja a kasuwar da ya je, kusan akwati guda cur, don kawai ya so mai ƙyalli da ƙarfe a kusurwa. Mai sayar da mayafai ko agogo ko gilashin waya ya san abin da kilo 20 yake nufi a sidi. Saboda haka in za mu sayi akwati, kafin a tambayi kala, a ɗaga shi, in da hali a ɗora shi a sikeli.

Sannan a duba tikitin jirgin cikin gida. Daga Ankara zuwa Tamale tafiyar kamar awa ɗaya ce, amma ƙananan jirage ne, kuma nauyin da suke bayarwa sau da yawa bai kai na jirgin waje ba. Mutum ya sauka da akwati biyu lafiya lau, ya zo nan a ce sai ya biya na biyun. Wasu daga cikinmu sun gano gara su sa ɗaya a babbar motar dare su bi jirgi da ɗaya.

Mai tauri ko na yadi? An sha yi mana wannan tambayar, kuma mu a ofis ra'ayinmu ya fi karkata ga na yadi mai kauri ga wanda hajarsa tufafi ce, atamfa, leshi, jallabiya, takalma. Yana ba da kai in an danne shi, in ya yage akwai mai ɗinkin da zai kama shi a kasuwar nan. Mai kayan fashewa, turare ko waya, shi ne ke bukatar mai tauri. Amma roba iri-iri ce. Wadda ake kira ABS ita ce mai araha, ita ce kuma ke tsagewa in ta sha jifa, tsagar da ba ta ɗinkuwa. Folikabonet da folifurofilin suna lanƙwasa su dawo. Ba sai mun haddace sunayen ba: a danna tsakiyar murfin da tafin hannu. In ya lotsa ya dawo, madalla. In ya yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya, a ajiye wa mai shi.

Taya kuwa, a nan ne ake yaudararmu. Akwati mai taya huɗu da ke juyawa ko'ina yana da daɗin turawa a kan santsin filin jirgi, yaro ma sai ya tura shi da yatsa. Ku kawo shi tashar Bolga da damina, ko ku ja shi daga bakin titi zuwa cikin zango a kan tsakuwa, ku gani. Tayoyin a waje suke tsaye kamar ƙafar zabo, su ne farkon abin da ke karyewa. Mai taya biyu manya da suka shige cikin jikin akwatin ya fi dacewa da ƙasarmu. A juya shi a duba: in da kusoshi masu warwaruwa aka ɗaura tayar, ana iya canza ta. In narke ta aka yi da jikin, ranar da ta karye akwatin ya zama na ajiyar kayan sanyi a ƙarƙashin gado. Zif ya zama mai manyan haƙora. Wanda aka rubuta YKK a kansa na kamfanin Japan ne kuma yana da suna, sai dai har shi ana yin jabunsa, don haka a ja shi sau da yawa a gaban mai kanti, musamman a kwana. Da hunturu ƙura na cushe shi, a goge da tsohon buroshi a shafa kyandir. Mariƙin da ake zarowa kuma a girgiza shi, in yana rawa tun yana sabo, ba zai ga Sallah biyu ba.

Wata daga cikin iyayenmu mata ta ba mu izini mu faɗi abin da ya same ta, ba tare da suna ba. Ta dawo daga sari da akwati biyu. Ɗaya ya fito a kan bel zif a buɗe, an naɗe shi da salatif, kaya sun ragu. Ga gajiya, ga mota tana jira, ta ce bari ta isa gida tukuna. Ta iso, aka yi barka da zuwa, aka yi suna a gidan maƙwabta, sai a kwana na tara ta zo ofis muka rubuta wa kamfanin takarda. Amsar da suka ba mu layi biyu ce: lokaci ya wuce. Kuma doka tana bayansu. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda yawancin jiragen ƙasa da ƙasa ke aiki da ita, ta ba fasinja kwana 7 ya kai kuka a rubuce in kayansa sun lalace, kwana 21 in sun makara. Abin da ya fi shi ne kada a fita daga zauren ɗaukar kaya sai an je teburin kamfanin an cika takarda an karɓi lamba. Diyyar ma tana da iyaka, ba ta bin yawan jarin da ke ciki. Don haka kuɗi, zinariya, fasfo, magani da rasiɗan sari, a jakar hannu. Batirin cajin waya shi ma dole a hannu, doka ta hana a sa shi a kayan da ke shiga cikin jirgi saboda gobara.

Akwai abin da ya fi asarar haja. A Disamban 2018 wata ɗaliba ta tashi daga filin jirgin Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta. Aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tiramadol da aka liƙa wa sunanta, jakar da ba ta taɓa gani ba. Bincike ya nuna wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka yi aikin. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sako ta, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. Wannan 'yar ƙaramar takarda da ake manna mana a bayan tikiti, ita ce shaidarmu. In akwati biyu ka bayar, ka ƙirga ka ga biyu ne, ka ɗauki hotonsu da waya, ka ɗauki hoton akwatunan a kan sikeli. Kada ka miƙa wa kowa fasfo ya je ya auna maka kaya kana zaune.

Mun san maganar saƙo tana da nauyi a wurinmu. Ɗan'uwa ya kawo ƙunshi ya ce a kai wa yaronsa, ka ce a'a, gobe a ce ka yi kuɗi ka canza. To ga mafita, kuma kwamiti ya amince: ku ɗora laifin a kanmu. Ku ce ƙungiya ta hana ɗaukar saƙon da ba a kwance a gabanku ba. Mai gaskiya zai kwance. Masu zuwa Makka su tuna gargaɗin da hukumar alhazai ke yi kowace shekara a kan goro. Masu zuwa Turai kuma, kilishi da duk wani nama ba ya shiga, a kwandon shara zai ƙare. Man kaɗe da daddawa a rufe su a roba mai murfi a ƙara leda biyu, don wani ɗan'uwanmu ya taɓa isa da shadda goma duk suna ƙanshin miyar kuka.

Wani zai ce akwati mai kyau tsada gare shi. Haka ne. Amma wanda ya sayi na araha sau uku a shekara biyu ya riga ya biya kuɗin mai kyau, ya ƙara da ciwon rai. Masu fita babu kaya suna da dabara: a sa ƙaramin a cikin babban a tafi da su kamar ɗaya. A ɗaura wani ƙyalle mai kala a hannun kowanne, gajere wanda ba zai maƙale ba, a rubuta suna da lambar waya a ciki da waje, a ɓare tsofaffin takardun tafiyar baya don kada na'ura ta karanta su ta aika kayan wata ƙasa. Manyan kaya kuwa a bar wa jirgin ruwa su sauka Tema.

Daga kuɗin ƙungiya an sayi sikelin rataye guda biyu da awon tela. Suna ofis daga ranar kasuwa mai zuwa, duk mai tafiya ya zo da kayansa a ɗaure a auna masa kyauta, mu rubuta adadin akwatunansa da ranar tashinsa a littafi. Wanda zai sayi sabon akwati a Bolga ko Tamale yana iya aron ɗaya, ya sa hannu, ya dawo da shi cikin kwana uku. Magajiya ta ce a faɗa da babbar murya: cikin kwana uku.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a nema.