Alula: Tsiron da Ya Ɓace a Gida, Ya Cika Kasuwa



A tsakiyar tekun Fasifik, a tsibiran Kauai da Niihau na jihar Hawai ta Amurka, akwai wani tsiro da mutanen wurin ke kira alula, masana kuma suna kiransa Brighamia insignis, sunan da masanin tsirrai Asa Gray ya raɗa masa a 1867. Kauai tsibiri ne na ruwan sama da dazuzzuka masu duhu, amma alula bai zauna cikin daji ba. Ya maƙale ne a bangon duwatsun da ke fuskantar teku, inda ƙasa ba ta da yawa, iska mai gishiri kuma ba ta hutawa. Shi ya sa karansa ya kumbura daga gindi yana ajiye ruwa, ganyensa kuma ya taru a ka. Yau za a same shi a kan tagogin gidaje a Turai, ana sayar da shi cikin tukwane, amma a kan duwatsunsa ya ƙare, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittun da suka ɓace a daji. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, tsiron da ya rayu a tukunya kaɗai ba a cece shi ba tukuna.

Hujjar tana cikin furen. Furen alula rawaya ne mai ƙamshi, yana da dogon bututu da ke kai santimita 10 ko fiye, ruwan zaƙinsa kuma yana can ƙasa. Masana suna ganin abin da ya dace da irin wannan fure shi ne wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare, mai dogon baki, wanda ke kwasar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Da wannan baƙo ya daina zuwa, sai alula ya ci gaba da yin fure shekara bayan shekara ba tare da samun irin kirki ba. Ga kuma awaki, waɗanda Kyaftin Cook ya fara sauke su a Niihau a 1778, suna cin tsirrai suna zaftare ƙasa. Ga ciyayi baƙi da suka mamaye tsagogin dutse. Guguwar Iwa ta 1982 da ta Iniki ta 1992 sun tarar da tsiron ya riga ya raunana. Guguwa ba sabuwa ba ce a Hawai. Sabon abu shi ne babu ƙananan tsirrai da za su maye gurbin waɗanda suka faɗi. Sai da ta kai Steve Perlman da abokan aikinsa na lambun binciken tsirrai da ke Kauai suna ɗaura igiya a ƙugu, suna sauka bangon dutse da ɗan buroshi, suna yi wa furanni barbara da hannu, su dawo daga baya su tattara iri. Daga irin wannan wahala ne tsiron ya tsira a lambuna.

Wani zai ce, to ai an ci nasara, tunda alula ya fi yawa a duniya yau fiye da yadda yake shekaru 50 da suka wuce. Ban raina wannan magana ba, domin da babu lambunan da yanzu hotonsa kawai muke kallo. Sai dai yawa daban, bambancin jini daban. Tsirran da ke hannun mutane sun fito ne daga iyaye kaɗan, idan kuma aka yi ta haɗa dangi da dangi, iri yana raguwa, ƙarfin jure cuta yana lalacewa. Wannan ne ya sa lambunan bincike, ciki har da na Chicago, suka ari dabarar gidajen namun daji ta rubuta asalin kowane tsiro, don a san wanda za a haɗa da wane. Ban da haka, mai sayar da fure yana zaɓen wanda ya yi kyau a taga, ba wanda zai jure iskar teku ba, kuma a hankali zaɓen nan yana sauya tsiron.

Wani kuma zai ce, me ya sa za a kashe kuɗi a kan tsiron da ba a ci, ba a magani da shi? Amsata ita ce, alula ɗaya ne daga cikin dangin tsirrai fiye da 120 na Hawai waɗanda bincike ya nuna sun samo asali daga kaka guda da ya iso tsibiran kimanin shekaru miliyan 13 da suka wuce. A cikinsu akwai bishiyoyin daji, da masu nannaɗo, da wannan mai ajiyar ruwa. Duk mai son fahimtar yadda halitta ke sauya siffa don dacewa da muhallinta ba shi da shaida da ta fi wannan dangi, kuma shaidar tana rasa rabin darajarta idan aka raba tsiron da dutsensa. Aikin da ya rage yana can Kauai: a katange awaki, a tumɓuke ciyayi baƙi, a mayar da tsirrai masu bambancin asali wuraren da ake tsaro irin su Limahuli, sannan a sa masu bincike su kwana a gindin furen, a gano ko cikin ƙwarin da suka saura akwai wanda bakinsa zai kai ƙarshen bututun.