Gwajin Dacewar Manhaja Kafin a Haɗa Ta



Ran 4 ga Yuni, 1996, aka harba kumbon Ariane 5 daga Kuru, a ƙasar Giyana ta Faransa. Bai cika daƙiƙa 40 da tashi ba ya kauce hanya ya tarwatse, tare da taurarin ɗan'adam 4 da yake ɗauke da su. Da kwamitin Farfesa Jacques-Louis Lions ya bincika, sai ya tarar manhajar da ke auna tafiyar kumbon an ɗauko ta ne daga Ariane 4, inda ta yi shekaru ba a taɓa kuka da ita ba. To, amma sabon kumbon ya fi tsohon gudu, saboda haka wata lamba ta zarce 32,767, watau iyakar abin da gurbinta zai iya riƙewa. Na'urar da aka ajiye domin ko ta kwana ita ma ta tsaya, domin manhajarsu ɗaya ce.

Irin wannan ne ake kira rashin dacewa: abu lafiyayye a muhallinsa, amma mai ɓarna a wani muhalli.

A yau masu rubuta manhaja suna da al'adar haɗa aikinsu wuri guda a kai a kai. Duk sa'ad da wani ya kawo gyara, sai kwamfuta ta ɗauka da kanta, ta hanyar Jenkins ko GitHub Actions, ta gina manhajar, ta bi ta da jerin gwaje-gwaje. Gwajin dacewa mataki ne da ake sakawa cikin jerin nan. Alal misali, Python 3 ya fito a 2008, amma ba a daina kula da Python 2 ba sai 1 ga Janairu, 2020. A tsawon shekarun nan akan sa na'ura ta gwada gyara guda a kan kowannensu. In ya faɗi a ɗaya, ba a karɓa, ko da kuwa shugaban aikin ne ya rubuta shi. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ta fi wuyar riƙewa, musamman ran da ake gaggawa.

Sai dai na'ura ba ta gwada abin da ba a ba ta ba. Kwamitin Lions ya gano cewa an gwada na'urar aunawar, amma ba a sa bayanan hanyar tashin Ariane 5 cikin gwajin ba.