Jawabi Kan Sauya Wa Rauta Manhajar Ciki, Wanda Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu daga cikin sana'ata, bisa sharaɗin kada in ja zance, kuma kada in cika muku kunne da Turanci. To, abin da na zaɓa shi ne ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ke rarraba intanet a gidajenmu da ofisoshinmu, wanda ake kira rauta, da yadda ake cire manhajar da kamfani ya zuba masa a maye gurbinta da wadda kowa ke da ikon dubawa da gyarawa.

Da farko ya kamata mu san cewa rauta cikakkiyar kwamfuta ce, allon kallo kawai ta rasa, kuma duk saƙon da ya fita daga wayarka ko ya shigo, ta cikinta yake bi. Kamfanin da ya ƙera ta yakan riƙa gyara manhajarta na ɗan lokaci, sa'an nan ya fito da sabon samfuri ya manta da tsohuwar. Ita kuwa tana nan a kan kanta tana aiki, alhali duk ɓarakar da aka gano a cikinta babu mai toshewa. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci waɗanda aka bari da kalmar sirri ta kamfani, aka haɗa ƙarfinsu aka kai wa kamfanin Dyn hari a watan Oktoba, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Masu na'urorin kuwa suna zaune a gidajensu, ba su san an yi yaƙi da kayansu ba.

Maganin da nake magana a kai sunansa OpenWrt, kuma asalinsa yana da ban sha'awa. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fito da wata rauta mai lamba WRT54G. A 2003, shekarar da Cisco ya sayi kamfanin, sai masu bin diddigi suka gano cewa an gina manhajarta ne a kan Linux. Shi kuwa Linux yana ƙarƙashin wani lasisi da ake kira GPL, wanda Richard Stallman ya tsara, kuma ƙa'idarsa ita ce: ka ɗauka kyauta, ka gyara yadda kake so, amma in ka raba wa jama'a, dole ka ba su asalin rubutun. Aka matsa wa kamfanin lamba har ya saki rubutun, daga nan ne a 2004 wasu masu sa kai suka kafa OpenWrt. Yanzu ire-iren na'urorin da yake hawa sun haura dubu, kuma kowace ɗaya sai da wani mutum ya zauna ya gabatar da ita. Wannan gabatarwar ita ce zancenmu na yau.

Mutane sukan ɗauka cewa sabuwar manhaja ake rubutawa. A'a. Galibi manhajar tana nan a shirye, abin da ta rasa shi ne sanin gidan da za a sauke ta. Kamar baƙon malami ne da aka turo makaranta: ya san darasinsa sarai, amma sai an zaga da shi an nuna masa aji da ɗakin gwaje-gwaje da inda ake ajiye alli.

Bari in ba da misali da wata rauta da na yi wa wannan aiki. Na kwance ta, na duba farantin da aka jera kayan a kai, wanda masu gyaran rediyo ke kira fanel, na karanta lambobin da ke jikin ƙwaƙwalwarta. MT7621 ce ta kamfanin MediaTek, kuma ganin haka hankalina ya kwanta, domin OpenWrt ya daɗe da sanin wannan dangi. Da ta Broadcom ce, da aikin ya yi tsauri, saboda yawancin manhajar da ke sarrafa rediyonsu a rufe take. Na kuma duba girman ma'ajinta guda biyu. Ɗaya kamar littafi ne, abin da aka rubuta yana nan ko an ɗauke wuta, nasa megabait 16. Ɗayan kamar allon aji ne, da an kashe na'ura an goge shi, nasa megabait 128. Wannan ya wadatar. Masu megabait 4 da 32 kuwa, bayan sigar 19.07 aka sallame su.

Daga nan sai neman bakin na'urar. Kusan kowace rauta tana da wasu 'yan ramuka uku ko huɗu a jere a kan farantin, waɗanda injiniyoyin kamfani suka bari domin amfanin kansu. Da mita ake tantance su: wannan na ƙasa ne, wannan na aikawa, wannan na karɓa. A narka dalma a liƙa wayoyi, a haɗa da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai aiki da bolt 3.3, domin in aka ba ta 5 ana iya ƙona ƙwaƙwalwar. Sa'an nan dole saurin maganar ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. Na gwada 115200, wanda aka fi amfani da shi, sai wasu haruffa marasa kan gado suka cika allo. Da na koma 57600, sai ga rubutu tsaf, na'urar tana faɗin abin da take yi layi bayan layi. Ranka ya daɗe malaminmu na Fiziks, na ga kana murmushi. Dokar Ohm ɗin nan da ka sa muka haddace da bulala a hannu, har yau da ita muke cin abinci.

Yanzu na zo kan wurin da nake so ku fi ba ni hankalinku. Ma'ajin nan na megabait 16 an yanka shi gida-gida. Na farko, kilobait 192, na U-Boot ne, wato 'yar manhajar da ke fara farkawa ta tayar da sauran. Sai kilobait 64 na saitinta. Sai wani kilobait 64 da ake kira ɓangaren masana'anta, sauran duka kuma na babbar manhaja. Wannan ɓangare na masana'anta, duk da ƙanƙantarsa, ya fi kowanne daraja. A cikinsa aka rubuta lambar shaidar na'urar, wadda ake kira MAC, da kuma awon da aka yi wa rediyonta ranar da aka ƙera ta, domin babu rediyo biyu da ke fitowa daidai wa daida. Babbar manhaja in ta lalace, sai a sauko da wata. Wannan kuwa in ka goge shi, babu kantin da za ka saya, kuma in ka ari na wata na'ura ka zuba, za ta iya tashi, amma da lambar wani da awon wani. Saboda haka kafin a rubuta ko harafi ɗaya, sai an kwafe ma'ajin gaba ɗaya an adana a wuri biyu. A ganina wanda bai yi wannan ba bai fara aiki ba, caca yake yi.

Bayan haka sai rubuta takardar gabatarwa, wadda a harshen sana'a ake kira bishiyar na'ura. Gajeren rubutu ne da ke shaida wa Linux cewa ɓangare kaza ya fara daga nan ya ƙare a can, fitilar wuta tana kan ƙafa mai lamba kaza, maɓallin sake saiti yana kan kaza, wannan rami na shigowar intanet ne, waɗancan huɗu na cikin gida. Ba a farawa da farar takarda. Ana ɗauko ta wata na'ura mai ƙwaƙwalwa iri ɗaya a gyara. Fitilun nan da kuke raina wa su suka fi cin lokaci: ka kunna ƙafa ɗaya, ka leƙa ka ga wace fitila ta kama, ka rubuta, ka wuce ta gaba. Yammaci biyu na yi ina wannan.

Gwajin farko ba a cikin littafi ake yin sa ba, a kan allo ake yi. Da na'ura ta fara tashi sai a tsayar da U-Boot, a umarce shi ya jawo sabuwar manhajar daga kwamfuta ta waya, ya ɗora ta a ma'ajin da ke gogewa. In ta maƙale, ka kashe ka kunna, ta koma yadda take, ba a yi asarar kome ba. Sai ramuka da rediyo da fitilu duk sun amsa sa'an nan ake rubutawa ta dindindin. Mu da muka san halin wutar lantarki a wajenmu, a kan batir muke wannan mataki, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, na'urar takan zama abin da Turawa ke kira bulo, sai an koma ta waɗancan ramuka a ceto ta.

Abin da ya rage shi ne miƙa aikin ga masu kula da OpenWrt a GitHub, tare da bayanin kayan cikin na'urar, da hanyar zuba manhajar, da inda lambar MAC take, da sa hannu da sunanka na gaskiya. Sukan duba shi layi-layi kamar yadda malamanmu ke duba insha'i, kuma nawa sau uku ya dawo kafin a karɓa. Daga ranar da aka karɓa, duk mai irin wannan rauta, ko a Indonesiya yake ko a Barazil, zai iya sauko da manhajar ya zuba cikin 'yan mintoci ba tare da ya kwance ko sukurori ba, kuma gyaran tsaro zai riƙa iso masa muddin ana ci gaba da tallafa wa wannan dangin na'ura.

Duk wanda ke da tsohuwar rauta a gida, ya juya bayanta ya kwafo mini lambar samfurin har da lambar siga, domin sau da yawa suna ɗaya ne amma kayan ciki daban. Zan duba masa bayan an ci abinci.

Shugaba, na ga kana duban agogo.