Tazarar Kwantak a Cikin Distirbuta



Mu mutanen Gummi mun san Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. In ta ƙi tashi, ko ta kama tari a hanyar Anka, sai mu ce man fetur ne. Alhali sau da yawa laifin yana cikin distirbuta, inda bakin kwantak ke buɗewa da rufewa domin filogi ya sami wuta. Tazararsa milimita 0.4 ce. In ta matse, bakin ya ƙone. In ta yi faɗi, wuta ta raunana a guje. Kada mu yarda bakanike ya ƙiyasta da ido. A juya inji har bakin ya buɗe iyakarsa, a sassauta sukuru, a zura ma'auni, a ɗaure, kana a sake aunawa.