Yadda Likita Ke Hango Ruɓewar Miki Bayan Aikin Hanji

Maganar da zan yi muku yau ta shafi duk wanda aka yi wa aikin tiyata a ciki, da wanda ya taɓa zaman jinyar ɗan'uwansa. Sau da yawa aiki yakan yi kyau, a ɗinke ciki, majiyyaci ya soma shan kunu, sai bayan kwana biyar ko mako guda wurin ɗinkin ya kumbura, ya yi zafi, ya fara zubar da mugunya. Nan sai dangi su ce hannun likita ne ba shi da kyau, waɗansu ma su ce sammu ne. Alhali kuwa wannan abu yana da dalilai sanannu, har likita yakan iya kimanta haɗarinsa tun majiyyaci bai bar ɗakin tiyata ba.

Hanji dai mazaunin ƙwayoyin cuta ne, musamman babban hanji. Muddin suna cikinsa ba su da wata illa, amma da zarar sun fito sun taɓa nama sai su zama abokan gaba. Saboda haka tun a 1964 masana a Amurka suka kasa mikin tiyata kashi huɗu: mai tsabta, da wanda aka buɗe hanji cikin kula ba tare da ƙazanta ta zube ba, da wanda ƙazanta ta zuba a cikinsa, sa'an nan wanda aka tarar da mugunya ko hujin hanji tun kafin a sa wuƙa.

A 1991 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani ma'auni mai sauƙi, na tambayoyi uku. Shin mikin yana cikin kashi biyun nan na ƙarshe? Shin majiyyacin yana da wata cuta mai tsanani da ta raunana jikinsa? Shin aikin ya zarce lokacin da aka saba, watau misali awa 3 ga aikin babban hanji? Kowace amsar “i” maki ɗaya ce, kuma gwargwadon yawan makin, gwargwadon haɗarin.

Wani bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi majiyyata 12,539 a ƙasashe 66, ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki kimanin kashi 9 cikin ɗari ne mikinsu ya ruɓe bayan aikin ciki da hanji, amma a ƙasashe matalauta abin ya kai kashi 23. A cikin waɗanda aka tarar da cikinsu ya riga ya ƙazantu kuwa, ya kusa kashi 40 a ƙasashe matalautan.

To, nan ne maganar ta zo kanmu. A asibitocinmu zazzaɓin taifot yana cikin manyan abubuwan da ke huda hanji, balle ga yara. Yaro zai yi mako biyu yana zazzaɓi, ciki ya soma ciwo ya ƙage, a yi ta jiƙe-jiƙe a gida, sai an ga ya galabaita a ɗauko shi. Kafin ya iso, ya riga ya ci maki ɗaya ko biyu daga cikin ukun nan, likita kuwa bai ko taɓa shi ba. Haka ma ciwon afendis: wanda aka cire kafin ya fashe da wanda ya fashe, ba ɗaya ba ne.

Idan an sa muku ranar aiki, lalle ne ku gaya wa likita gaskiya. Mai ciwon sukari ya faɗa, mai shan taba ya faɗa, kuma ya daina tun da sauran makonni, don taba tana hana miki warkewa. Rama da ƙiba mai yawa su ma suna cikin lissafi. Kada ku aske wurin da reza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana haka a shawarwarinta na 2016, domin reza tana barin ƙananan tsagu a fata.

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen tsaro ba, gama likitoci suna ƙirga kwana 30 daga ranar aiki. A cikin kwanakin nan, in kun ga kumburi, ko ruwa mai wari, ko ɗinki ya buɗe, ko zazzaɓi ya dawo, kada a shafa toka ko wani mai, kada a gasa wurin. A rufe shi da bandeji mai tsabta, a koma asibitin da aka yi aikin a ranar, tare da katin majiyyaci.