Injin Jirgin Ruwa Mai Ɗaukewa Ya Dawo: Bin Sawun Fetur Daga Tanki Zuwa Kafireta

 

Na san akwai mai cewa a ransa, me ya haɗa Zuru da jirgin ruwa? Ƙasarmu ta duwatsu ce da gonakin dawa. To amma Yauri maƙwabciya ce, muna cin kifinta, 'yan kasuwarmu na shiga jirgi su tsallaka Kogin Neja, kuma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan wancan yanki ya zama tafki mai faɗi wanda ba a ratsa shi da filafili sai dole. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Allah ya jiƙansu. A kan lodi fiye da ƙima da tsufan jirgi aka ɗora laifin wancan haɗari. Na ambato shi ne don ku ga irin jiragen da ake magana a kansu: in inji ya mutu a tsakiyar ruwa, jirgi mai lodi yakan juya gefensa ga igiyar ruwa, matuƙi kuwa ba shi da abin tuƙi.

Injin da ya mutu murus ba ya wahalar da bakanike. Mai wahalarwa shi ne wanda ke tashi da ja ɗaya, ya yi tafiyar minti ashirin lafiya lau, sai ya fara tari, ƙarfinsa ya ragu, ya ɗauke. A huta kaɗan, a ja igiya, ya tashi kamar ba shi ba. Mai jirgi ya kinkimo shi zuwa gareji, a ɗaura shi a bakin duro cike da ruwa, a tayar, ya yi ta aiki a silo. Sai a kwance kafireta a wanke, a canza fulogi, a karɓi kuɗi. Jibi a ruwa ya maimaita. A cikin duro inji ba ya ɗauke da kaya, fetur kaɗan yake sha, tankin mai jirgin da tiyonsa kuma an baro su a bakin kogi. Ke nan rabin hanyar fetur ba ta ma zo gareji ba.

Ku da kuka saba da janareta da babur da injin ban ruwa, ga inda aka bambanta. A waɗannan, tanki yana sama, fetur gangarowa yake yi, in tiyo ya huje za ka ga ɗiga. A injin jirgi irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, wanda ya cika kogunanmu, tanki yana ƙasa a cikin jirgi, inji ne ke zuƙo fetur zuwa sama. Ramin da ya samu tiyo ba ya zubar da fetur, iska yake sha. Ba ɗiga, ba wari, ba abin gani.

Saboda haka daga tanki ake farawa. A kan murfinsa akwai wani ɗan sukuru na shan iska. In an manta ba a sassauta shi ba, ko ƙura ta toshe shi, fetur na fita iska ba ta shiga, har famfon da ke zuƙo fetur ya kasa ja. Kun san gwangwanin madara da aka huda wuri ɗaya, yadda take fita da ƙyar sai an ƙara huda ta biyu. Haka nan. Shi ya sa injin ke yin tafiya kafin ya ɗauke, kuma shi ya sa hutu ke gyara shi, don iska ta samu ta sulale ciki. In matuƙi ya buɗe murfi ya ji tanki ya ja numfashi, ya kama ɓarawonsa.

Sai ƙwallon robar nan da ke tsakiyar tiyo, wanda ake matsawa kafin a tayar da inji. A ganina babu kayan aikin bincike da ya kai shi, kuma yana hannun kowane matuƙi kyauta. Sharaɗin kawai a taɓa shi a daidai lokacin da injin ke tari. In ka same shi ya shafe ya manne, toshewar tana tsakaninsa da tanki: murfi, ko ragar da ke bakin bututun cikin tanki, ko tiyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin buhu. In ka yi ta matsa shi sai inji ya farfaɗo, ka daina ya koma tari, to hannunka ne ke yin aikin famfo, ko dai famfon ya gaji ko iska na shiga ta wani wuri. In kuwa ka matsa ya cika ya yi tauri amma inji bai sauya ba, fetur yana isa bakin inji, sai a duba matata da kafireta. Ku kuma duba kibiyar da ke jikin ƙwallon, inji take nunawa. An sha sa shi a baibai bayan gyara.

Ga neman inda iska ke shiga, ku sa guntun tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa, dab da inji, a fita ruwa da kaya. Kumfa 'yan ƙanana masu bin juna sun isa shaida. Yawanci daga bakin mahaɗa ne, inda zoben roba ya bushe ya tsage, ko inda aka ɗaure tiyo da tsumman roba maimakon maɗauri. Tsohon tiyo kuma yana da wata mugunta: waje lafiya, ciki ya saɓule, saɓin ya riƙa rufe hanya in an ba da wuta, ya buɗe in an sassauta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari tanki da tiyon wani jirgi mai lafiya a yi tafiya ɗaya da su. In ciwon ya tafi, ba ruwan inji.

Yanzu fetur ɗin kansa. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai jirgi ba ya zubar da ko kofi ɗaya, ragowar jarka ma sai an tatse ta. A ƙasan jarka kuwa ruwa da tsatsa ke kwanciya, domin ruwa ya fi fetur nauyi. In kogi na kwance, ruwan na kwance. Da iska ta taso jirgi ya fara rawa, sai bututu ya kurɓi ruwa ya kurɓi fetur, inji ya yi ta sarƙewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Kada kuma a ɗora wa 'yan bumburutu laifin duka. A watan Fabrairu na 2022 gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol, wanda aka shigo da shi daga Beljiyam, ta gidajen mai ya bi ya shiga motocin jama'a. Gwajin ruwa a fetur ba ya cin ko kwabo: zuba kaɗan a kwalba mai haske, ajiye minti biyar, in akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa da layinsa. Kofin matatar da ke jikin inji ma haka yake nunawa, ga wanda ya ɗaga murfi ya duba.

Famfon waɗannan injuna ɗan faifan roba ne da ke motsi da numfashin inji. In ya bushe, yana iya ciyar da inji a silo, ya gaza in an buɗe wuta. In ya huje, fetur na zarcewa cikin inji kai tsaye, sai ka ga fulogi ɗaya ya jiƙe ya yi baƙi, ɗaya kuwa ƙalau. Bayan duk wannan ne ake zuwa kafireta, inda ƙwayar yashi ɗaya ke yawo a ƙasan kofi, ta toshe jet in an zuƙe ta, ta faɗo in inji ya mutu. A wanke da iska da fetur. Mai tsokana jet da waya yana faɗaɗa ramin ne, ya bar wa mai jirgi shan mai har abada.

Akwai abin da ya sa nake matsa wa wannan magana. Injunan nan ba su da wurin baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya shi, galibi kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a lita 25. Duk sa'ad da fetur ya ƙaranta, man da ke shafa fistin ma ya ƙaranta, zafi kuma ya ƙaru. Matuƙin da ke lallaɓa inji mai tari yana cewa bari mu ƙarasa kasuwa, yau da gobe fistin zai kama, injin ya buga. Gyaran zoben roba ya koma sayen rabin inji.

Kanikawa, roƙona gare ku uku ne. Ku ce a kawo inji tare da tankinsa da tiyonsa, kuma ku canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya canza fulogi da tiyo da famfo rana ɗaya, ko injin ya gyaru bai san abin da ya gyara ba. Ku kuma yi wa matuƙi tambaya kafin ku ɗauki sifana: bayan minti nawa yake ɗaukewa, da lodi ko ba lodi, da sanyin safiya ko da rana tsaka, tanki cike ko ya yi ƙasa?

Ba kowane ɗaukewa ba ne na fetur. Yunwar fetur a hankali take kashe inji, da tari da ja da baya, kuma in aka ɗan ja cok sai ya farfaɗo na ɗan lokaci. Wanda ya ɗauke ɗif lokaci guda, ko cok ya ƙara shaƙe shi, a nemi wuta: kwayil da ke yankewa in ya yi zafi, ko wayar makashin inji da ta goge tana taɓa ƙarfe. In kuma ɗan ruwan da inji ke fitsararwa ta baya ya tsaya, zafi ne, a kashe nan take a duba ko ciyawa ko leda ta toshe mashigar ruwa a ƙasa kusa da farfela.

Na zo da tiyo da ƙwallo da tsohon famfo, suna kan teburin nan. Bayan tambayoyi, ɗalibai su matso su kwance famfon da hannunsu.