Jawabi Ga Ɗalibanmu Kan Labarun Talabijin

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu, da ƙannena ɗalibai.

Ranar 10 ga Oktoba, 1990, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Nayirah ta zauna gaban wasu 'yan majalisar Amurka tana kuka. Ta ce da idonta ta ga sojojin Iraƙi a wani asibitin Kuwait suna fitar da jarirai daga kwalba, suna barinsu a ƙasa su mutu. Gidajen talabijin suka yi ta nunawa, Shugaba Bush ya yi ta maimaita zancen. A Janairun 1991 majalisar dattawansu ta amince da yaƙi, ƙuri'a 52 da 47. Sai a 1992 asiri ya tonu: ashe 'yar jakadan Kuwait a Amurka ce, kuma kamfanin Hill and Knowlton da aka biya shi ya tsara fitowarta.

Lokacin ina makaranta, a ɗakin kallo na gan ta, kuma wallahi na yarda. Abin haushin shi ne, mu da muke kwana da kaset ɗin Shata, in wani ya kwaikwayi muryarsa, tun kafin 'yan amshi su karɓa mun gano shi. Amma babu wanda ya tambayi yarinyar nan 'yar wane ce.

Ku yanzu waƙa da labarai duk a waya ɗaya kuke jinsu. Don Allah in hoto ya sosa muku rai, kafin ku tura wa wani, ku fara binciken wanda ya ɗauka.